Ordinatar mai gane hoto: asibiti, izin ko tsaro, wane ne zai yi ma ɗalibar Tawa amfani?

Tambaya: "Salamu alaikum Yaya. Ni ɗaliba ce a jami'ar Tawa, bana nike ƙare lisans na informatik kuma ina so in yi memwar ɗina bisa wanga fanni na sa ordinatar ta gane abin da ke cikin hoto. Na ga ana cewa ana amfani da shi a asibiti, a izin-izin wato masana'antu, da wajen tsaro. Amma kawuna ya ce wannan ilimin Turai ne, mu da ko kuran ba ya isar mu. Don Allah da gaske abin yana aiki? Kuma cikin ukun nan wane ya kamata in kama idan ina so aikina shi yi amfani a nan gida?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah shi ba da sa'ar karatu. In na fahimce ki da kyau abu biyu kike tambaya, na farko ko na'urar tana gani da gaske ko talla ce kawai, na biyu ina za ki sa ƙarfinki tunda shekara guda ta memwar ba ta isa a kama komi. Ni injiniya ne, nan Yamai nike aiki, kuma na daɗe ina haɗa kamera da ordinatar don su yi ma mutane aiki, don haka abin da zan faɗa miki rabi daga karatu ne rabi daga abin da hannuna ya taɓa. Kawunki kuma kar ki yi fushi da shi, yana da rabin gaskiya, za mu zo wurin.

Yadda na'ura ke "gani"

Ga ordinatar hoto lambobi ne kawai. Kowane ɗigo na hoton yana da lamba uku, ja da kore da shuɗi, kowace daga 0 zuwa 255, hoton da talho ɗinki ke ɗauka miliyoyin ɗigo ne haka jere. A da masu bincike su ke zama su rubuta ƙa'ida da hannu, su ce in ka ga layi ya lanƙwasa haka kuma launi ya canza haka to wannan kaza ne. Abin yana aiki in haske bai canza ba, amma da rana ta karkata ko an juya abin kaɗan sai ya ruɗe. Wata hanyar ita ce kar a rubuta ƙa'idar sam, a nuna ma na'ura misalai da yawa tare da amsarsu ta nemo ƙa'idar da kanta, tana canka tana kuskure ana gyara mata lambobin cikinta kaɗan-kaɗan har ta daidaita. Yann LeCun ya yi haka tun wajajen 1989 don karanta lambobin da anka rubuta da hannu, har bankunan Amurka sunka yi amfani da shi wajen karanta cak, amma lokacin babu hotuna da yawa kuma ordinatoci ba su da ƙarfi.

Abin ya juya ne a 2012. Fei-Fei Li da mutanenta sun riga sun tara wata babbar taska ta hotuna mai suna ImageNet, ana gasa bisa hotuna wajen miliyan 1.2 da anka kasa gida 1000. Sai wasu mutum uku na jami'ar Toronto a Kanada, Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da malaminsu Geoffrey Hinton, sunka shigo da tsarinsu, kuskurensu ya tsaya wajen kashi 15 cikin 100 alhali na biye da su yana kashi 26. Kuma da kart grafik guda biyu na masu wasan bidiyo sunka horar da shi. Daga nan kowa ya bi wannan hanyar, U-Net ta fito a 2015 daga Freiburg ta Jamus don zagaye iyakar abu cikin hotunan asibiti, YOLO ta biyo don gano abubuwa cikin bidiyo nan take. Yau duk waɗanga tsare-tsare kyauta suke a intanet, ke ma kina iya sauke su da daren nan in rezo ya yarda.

To ga abin da nike so ki riƙe tun yanzu don duk sauran maganata a kansa take. Na'urar ba ta san komi ba sai abin da anka nuna mata. Yaron da ya tashi cikin garken azawak zalla, ranar da ya fara ganin bororo da dogon ƙaho da baƙin ja sai ya tsaya yana kallo, amma shi aƙalla ya san ya ga baƙon abu, na'ura kuwa ba ta tsayawa, amsa za ta ba ki da cikakken ƙarfin gwiwa ko da ba daidai ba ce. Kuma mafi yawan hotunan da anka koya ma na'urorin duniya ba a nan anka ɗauke su ba, ba fatarmu ba, ba haskenmu ba, ba injinanmu ba. Wurin da ke da sauran aikin bincike ke nan, kuma wurin da ɗalibar Tawa ta fi ɗalibin Pari dama, don ita ke kusa da hotunan.

Asibiti

Nan zan daɗe don nan ne abin ya fi nisa kuma nan ne buƙatarmu ta fi yawa. Likitocin da sunka ƙware wajen karanta hoton radiyo kaɗan ne ƙwarai a ƙasar nan, kuma yawancinsu Yamai suke, mutum zai yi hoton ƙirji a wani gari amma wanda zai karanta shi da idon gwani yana nesa da ɗaruruwan kilomita.

Misalin da ya fi ƙarfi shi ne tarin fuka. A 2021 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta yarda a yi amfani da lojisiyel mai karanta hoton ƙirji a madadin mutum wajen tantance masu shekara 15 zuwa sama. Waɗanda anka gwada lokacin su ne CAD4TB na Holan, qXR na Indiya da Lunit na Koriya ta Kudu. Amma ki lura da kyau da abin da anka yarda da shi, tantancewa ce ba yanke hukunci ba. Lojisiyel ɗin yana ba hoton maki, wanda makinsa ya wuce wani mizani sai a ce shi kawo majina a gwada da GeneXpert, wannan gwajin ne ke cewa akwai cuta ko babu. Kuma mizanin kansa ba ɗaya ba ne ko'ina, in kinka sauke shi ƙasa za ki kama kusan duk marasa lafiya amma za ki tura mutane masu yawa gwajin da ba su buƙata kuma kowane kartush kuɗɗi ne, in kinka ɗaga shi za ki yi tattalin kartush amma wasu masu cutar za su koma gida suna tari cikin iyalinsu. Abin da OMS ta nema ga gwajin tantancewa lokacin shi ne shi kama aƙalla kashi 90 na masu cutar kuma shi wanke aƙalla kashi 70 na masu lafiya. Gano inda mizanin ya kamata shi tsaya ga mutanenmu, masu shaƙar hazo da hayaƙin itace, da masu aikin haƙar zinariya da ƙura ta riga ta taɓa musu huhu, wannan kansa bincike ne cikakke kuma ba wanda zai zo daga waje shi yi muna shi.

Sai ido. A 2016 mutanen Google sunka nuna tsarin da anka koya ma hotunan bayan ido wajen 128,000 yana gane lalacewar da ciwon sukari ke yi daidai da likitocin ido, a 2018 kuma Amurka ta ba wata na'ura mai suna IDx-DR izinin ba da sakamako ba tare da likita ya duba hoton ba. Amma labarin da nike so ki karanta shi ne na Tailan. Da anka kai tsarin Google ƙananan asibitoci 11 can, sai ya riƙa ƙin karɓar wajen kashi 21 na hotunan da majoji ke ɗauka yana cewa ba su da kyau, don ɗakunan ba su da duhun da ake so, ga intanet mai jinkiri, layi ya yi tsawo, wasu marasa lafiya anka ce su tafi babban asibiti mai nisa a banza. Tsarin bai yi ƙarya ba, amma an gina shi bisa hoton ɗakin gwaji mai tsabta. Wannan shi ne rabin gaskiyar kawunki.

Akwai kuma wani bincike na 2018 bisa ciwon huhu da anka yi da hotunan asibitocin Amurka daban-daban. An gano tsarin yana iya gane daga wane asibiti hoton ya fito, har da ƴar alamar ƙarfe da mai ɗaukar hoto ke ajewa a kusurwa, kuma tunda wani asibitin ya fi wani yawan masu ciwon, sai na'urar ta riƙa jingina da wannan. Tana cin jarrabawa a gida, a kai ta wani asibiti makinta shi faɗi. Duk mai wanga aiki ya kamata wannan labari shi hana shi barci kaɗan.

Yanzu bari in kawo ki inda na fi sani, masassarar cizon sauro. Kin san gut epes, a ɗiga jini bisa lam, ɗan gilashin nan na labo, a baza shi da kauri a bari shi bushe a rina da Giemsa, a ɗiga mai a duba da mikroskop da idon da ke ninkawa 100. Kafin ma'aikacin labo shi ce babu komi sai ya duba fili aƙalla 100, kuma ki tuna yadda asibitocinmu ke cika daga watan Agusta zuwa Oktoba, mutum guda da tulin lam gabanshi tun safe, zuwa la'asar idonshi ya gaji. TDR, gwajin nan na gaggawa da ɗigon jini, ya taimaka ƙwarai, amma ba ya faɗin yawan ƙwayar cutar cikin jini kuma yana iya ci gaba da nuna akwai har makonni bayan mutum ya warke. Masu bincike na jami'ar Makerere a Uganda sun daɗe da nuna ana iya ɗaure talho bisa bakin mikroskop da wani ɗan maƙali da anka buga da injin 3D, a ɗauki hoto, tsari shi zagaye ƙwayoyin.

Na yi irin wanga aiki da wani labo, kuma abin da na gani a allon shi ne wannan. A gut epes jajayen ƙwayoyin jini sun riga sun fashe, abin da ya rage shi ne fili mai shuɗi-shuɗi da fararen ƙwayoyi manya masu duhu, ita kuma falsiparom ɗin, wato ƙwayar masassarar, ƴar mitsitsiya ce, ɗigo ja da ɗan zobe ko waƙafi shuɗi a gefenshi. To gurɓin rini da bai tace ba shi ma ɗigo ne. Plaket, ƴan ƙananan ƙwayoyin da ke sa jini shi daskare, su ma ɗigo ne. Ƙurar da ta faɗa bisa lam lokacin da yake bushewa bakin taga ita ma ɗigo ce. Ruwan da anka dama rinin da shi in ya canza, launin gaba ɗaya sai shi koma ja-ja ko shuɗi sosai, kuma fitilar mikroskop ta wannan ɗaki rawaya ce ta wancan fara ce. Tsohon ma'aikacin da munka yi aiki da shi yana juya ɗan makullin nan sama da ƙasa kaɗan yana kallon yadda ɗigon ke shiga yana fita kafin shi ce ƙwaya ce, hoto guda kuwa ba ya da wannan juyin. Daga wajenshi munka ɗauki dabarar ɗaukar hotuna da dama na fili guda a zurfi daban-daban, kuma ta rage ruɗewar ƙwarai.

Abin da ɗalibai da yawa ke yi, kuma ina roƙonki kar ki yi, shi ne su sauke wata taska da ke shafin intanet na Kaggle mai hotuna 27,558 na ƙwayoyin jini, su horar da tsari cikin awa biyu, su samu kashi 95 ko fiye su rubuta memwar. Waɗannan hotuna daga wani asibiti na Chittagong a Bangaladash sunka fito, kuma na shimfiɗaɗɗen jini ne mai sirara, an riga an yanko kowace ƙwaya ita kaɗai tsaf. Labo ɗinmu gut epes sunka fi yi. Don koyon hannu taskar tana da kyau, amma ba ta gaya miki komi bisa abin da zai faru a CSI na ƙauye.

Izin da gona

Nan ba zan daɗe sosai ba. A fasaha wannan ne mafi sauƙi cikin ukun, dalili kuwa ke ke da iko da komi, ke za ki aje kamera inda kike so, ki sa fitilarki, ki rufe da akwati kar rana ta shiga, abin da ake dubawa kuma iri ɗaya ne yana wucewa bisa bel. Sau da yawa ma ba ki buƙatar manyan tsare-tsaren nan, OpenCV, lojisiyel ɗin sarrafa hoto da Intel ta fitar tun 2000, ta isa ki ƙirga buhu ko ki ga kwalbar da ba ta cika ba ko marfin da ya karkace. A irin wanga aiki fitila mai kyau ta fi tsari mai wayo, na sha ganin matsalar da anka yi makonni ana nema cikin kod ta warware da anka matsar da fitila gefe don ledar ta daina ƙyalli.

Matsalar ita ce izin ɗinmu ba su da yawa. Akwai siminti a Malbaza nan kusa da ku, matatar mai ta Damagaram, gawayi a Cirozerin, ma'adinai a Arlit, sai masu ruwa da madara da ƴan ƙanana. Manyan sukan sayo injinansu da kamerarsu a haɗe daga waje. Inda nike ganin ƙofa a buɗe take shi ne kayan gona. A duniya akwai injinan tsince hatsi irin su Sortex, hatsi na zubowa kamera na kallo, ƙwayar da launinta ya saɓa sai a hure ta da iska ta faɗa gefe, amma tsadarsu ta fi ƙarfin ƙungiyar manoma. Riɗi, wake, ayar Maradi, duk da hannu mata ke tsince su. Albasar Galmi kuwa da ake lodawa zuwa Gana da Kodebuwa, rarraba ta bisa girma da fitar da wadda ta fara ruɓa kafin ta lalata buhu aiki ne da ƙaramar kamera da ƴar ƙaramar ordinatar nan Raspberry Pi za su iya gwadawa. Sai dai ki sani kamera ta yau da kullum bawo kawai take gani, albasar da ta ruɓe daga ciki tana iya wuce ta lafiya lau. Kuma ki yi lissafi da gaskiya, in hannun mutum ya fi arha kuma aikin shi ke ciyar da gidaje, injin da zai taimaka musu su yi sauri ya fi wanda zai kore su.

Akwai kuma hoton tauraron ɗan Adam, wanda mutane ke mantawa shi ma wanga fanni ne. Hotunan Sentinel-2 kyauta ne, ɗigo guda mita 10 a ƙasa, kuma kusan duk kwana 5 ana sabunta su. Cibiyar AGRHYMET da ke nan Yamai tun 1974 tana bin damina da makiyaya da irin waɗannan hotuna. Auna gonakin albasa na fadamun Adar ko bin yadda tabkuna ke ƙafewa aiki ne da ba ya buƙatar izinin kowa.

Tsaro

Nan ne kuɗɗi sunka fi yawa kuma nan ne na fi jin tsoro. A raba abin biyu. Akwai na'urar da ke kallon abu, ta karanta lambar mota, ta ga hayaƙi ya tashi a kasuwa da dare, ta ga wani ya tsallaka katangar depo, ko jirgi maras matuƙi shi bi bututun mai yana neman yoyo. Wannan ba ni da matsala da shi, wahalarshi ta yanayi ce. Na sa kamera a ƙofar wani wurin aje kaya don karanta lambobin kamiyo, lokacin sanyi da hazo ya sauka gilashin yana yin fari cikin ƴan kwanaki, da la'asar rana na dukan ta kai tsaye, a watan Afrilu da Mayu kuma da zafi ke kai 45 akwatin ordinatar yana kashe kansa. Ga lambobin da laka ta rufe, ga na Najeriya da na Benin da na Burkina kowane da tsarinshi. Rumfa ƴar ƙarama bisa kamerar, da mai gadi da anka ba aikin goge gilashi kowace safiya, da batir don lokacin da kuran ya ɗauke, su ne sunka sa abin ya zauna.

Sai na biyun, gane fuska. Shi ma iri biyu ne. In talho ɗinki ya duba ko ke ce, ko a filin jirgi a gwada fuskarki da hoton fasfo ɗinki, fuska guda ake gwadawa da guda, da saninki, cikin haske mai kyau. Amma a kafa kamera a tasha ko bakin kasuwa tana gwada kowa da jerin waɗanda ake nema, wannan wani abu ne dabam. Mu yi lissafi na misali. A ce tsarin yana kuskure sau 1 cikin 1000 kawai, wanda za a ce ya yi kyau ƙwarai, a ce mutum 50,000 sun wuce gabanta a yini. Mutum 50 ke nan marasa laifi da za ta nuna kowace rana, alhali wanda ake nema wataƙila ko zuwa bai yi ba. A halin da ƙasarmu ke ciki, ki yi tunanin mi zai samu baƙauyen da na'ura ta nuna a shingen bincike ta ce ya yi kama da wani.

Kuma kuskuren ba ya faɗa ma kowa daidai. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada tsare-tsaren manyan kamfanoni uku masu faɗin mace ce ko namiji, kuskure ga maza masu hasken fata bai wuce kashi 0.8 ba, ga mata masu duhun fata ya kai kashi 34.7. A Disamba 2019 hukumar NIST ta Amurka ta gwada tsari 189 ta samu da yawansu sun fi haɗa fuskokin mutane biyu daban su ce mutum guda ne in ƴan Afirka ta Yamma ko ta Gabas ne. Wata guda bayan haka, Janairu 2020, ƴan sandan Detroit sunka kama wani baƙar fata mai suna Robert Williams a ƙofar gidanshi gaban ƴaƴanshi bisa satar da bai yi ba, don na'ura ta ce shi ne. An samu gyara a tsare-tsaren tun lokacin, amma ki ƙara da namu, rawani da ke rufe baki da hanci, niƙabi, takunkumin hazo, titunan da ba fitila. Tarayyar Turai a dokarta ta 2024 ta taƙaita irin wanga sa ido na kai tsaye a wuraren jama'a ƙwarai. Mu ma muna da dokar kare bayanan mutum tun 2017 da hukumar HAPDP, kuma fuska tana cikin bayanan da ba a tarawa haka kawai. Ɗaliba ba za ta samu hotunan da za ta yi wanga aiki bisa ƙa'ida ba, kuma ko ta samu ni ba zan so ƙanwata ta fara sana'arta da abin da kuskurenshi ke iya jefa bawan Allah kaso ba.

Abin da zan yi in ni ne ke

Zan kama gut epes, ko albasa in ƙofar asibiti ta ƙi buɗuwa. Kuma zan sa mafi yawan watannina ga tara hoto da gwaji, horar da tsarin shi ne ƙaramin aiki. Python da ɗan lissafin matris da kinka riga kinka yi sun isa ki fara, ki ƙara OpenCV da PyTorch, lojisiyel ɗin horar da tsari. Ba sai kin sayi babbar ordinatar ba, Google Colab na ba da aron kart grafik kyauta na ƴan awoyi, kuma ba daga sifiri za ki fara ba, za ki ɗauko tsarin da anka riga anka horar bisa ImageNet ki ƙara mishi naki hotunan, ƴan dubbai ko ma ɗaruruwa masu kyau suna iya nuna hanya.

Kafin ki ɗauki hoto ko guda a labo ki nemo likita ko masanin labo da zai tsaya miki, malaminki shi rubuta takarda, a bi ta kwamitin ɗa'a na binciken lafiya. Kar suna ko lambar majinyaci ta shiga hotonki ko sunan fishiye. Mutum biyu su sa alama bisa kowane hoto ba tare da ɗaya ya ga na ɗaya ba, inda sunka saɓa na uku shi raba, kuma ki rubuta sau nawa sunka saɓa don wannan lambar ita ce ma'aunin da za ki gwada na'urarki da shi. Ki ba su haƙƙinsu, ki sa sunansu cikin aikin, idonsu ne kike juyewa cikin na'ura.

Wajen gwaji, kar ki zuba hotuna duka ki cakuɗa ki raba. In hotunan lam guda sun shiga ɓangaren koyo da na jarrabawa gaba ɗaya to na'urar ta riga ta ga amsa. Ki raba bisa majinyaci, in da hali ma ki koya mata da hotunan labo guda ki gwada ta da na wani labo da wani mikroskop da wani talho. Makin zai faɗi, kar ki ɓoye, wannan faɗuwar ita ce sakamakon da ya fi daraja cikin memwar ɗin. Kuma kar ki ba juri lamba guda ta "kashi kaza daidai", ki faɗi masu cutar nawa ta kama, nawa ta bari, masu lafiya nawa ta ɗora ma cuta, musamman lam ɗin da ƙwayoyin ke da kaɗan don nan ne mutum ma ke kuskure. A ƙarshe ki matse tsarin shi zauna cikin talho mai arha shi yi aiki ba rezo, wannan ce amsar da za ki kai ma kawu.

Iyakata a nan ita ce ni ba likita ba ne, kuma abin da za ki gina cikin shekara guda ba na'urar asibiti ba ce, ba a ba yaro magani ko a hana shi bisa abin da ta ce. Kafin a kai can sai an yi gwaji mai faɗi ƙarƙashin hukumomin lafiya, kuma wannan shekaru ne. Maganar aiki kuma ba zan yi miki alkawarin buro na jiran ki ba, guraben wanga fanni a nan kaɗan ne har yanzu. Amma wadda ke riƙe da taskar hotunan gut epes na Nijar da anka sa ma alama da kyau tana da abin nunawa wajen neman mastar ko burs, kuma taron Deep Learning Indaba da anka fara a Afirka ta Kudu a 2017, wanda anka yi a Dakar a 2024, yana karɓar irin wanga aiki daga ɗalibai har yakan taimaka ma wasu da kuɗɗin tafiya. Ki fara da zuwa labo ki zauna kusa da mai mikroskop na mako guda ko biyu kina kallo kina tambaya, in kin tsara taken memwar ɗin ki turo in duba miki kafin ki kai ma malaminki.